Ɗana ya kai wata 22, kalma huɗu kawai yake faɗa. In jira ko in kai shi asibiti?

Maman Auta ta rubuta:

Assalamu alaikum iyaye mata da maza. Na daɗe ina leƙowa nan ina karanta na wasu, ban taɓa buɗe baki ba. Yau dai abin ya fi ƙarfin in bar shi a ciki.

Ɗana na biyu, autana a yanzu, ya cika wata 22 a makon jiya. Daren jiya na zauna da biro na ƙirga kalmomin da yake faɗa, waɗanda na tabbata ya san ma'anarsu. Huɗu na samu: mama, baba, a'a, da "uwa", wato ruwa. Shi ke nan. Yayarsa tana wannan watannin tana cewa "Mama zo", "ba ni takalmi", har ƙara take kawo mini. Na san ba a haɗa yaro da yaro, amma uwa ba ta iya hana idonta gani.

In yana son abu, hannuna yake kamawa ya ja ni har wurin, ya nuna da yatsa yana "eh, eh", yana kallon fuskata. In ban gane ba sai ya zube ƙasa ya yi ta birgima. Kukan nan ya fi komai ci mini rai, don na san akwai abin da yake son gaya mini ya kasa. Wayo kam yana da shi. Yakan ɗauko mataji ya taje kan 'yartsanar yayarsa, yakan kara takalmi a kunne wai waya yake yi. In jirgi ya wuce sai ya nuna sama, ya juyo ya dube ni ko na gani. In na ce "ɗauko hularka" ina nuna ta, zai ɗauko. In na faɗa ban nuna ba, wani lokaci sai ya tsaya yana kallon bakina. In na kira shi ta baya, wata rana ya juyo, wata rana sai na kira sau uku. Babansa ya ce taurin kai ne, tunda da ya ji kiɗan katun ɗinsa a waya daga wani ɗakin yake tahowa da gudu.

Ga abubuwan da nake zargi, ku gaya mini gaskiya. Na farko waya. Ɗinki nake yi a gida, tun yana shekara ɗaya nake miƙa masa ita don in samu in hau keke. In na haɗa ta safe da ta yamma za ta kai awa uku a rana. Na biyu, harshe biyu yake ji: ni Hausa, babansa kuma ya dage da yi masa Turanci wai saboda makaranta. Na uku, mura ba ta rabuwa da shi, da baki yake numfashi in yana barci, har da minshari. Ya yi ciwon kunne sau biyu, yana wata 11 da kuma yana wata 16, na biyun har da mugunya. An ba shi magani ya warke, ban sake komawa ba.

Surukata ta ce in kwantar da hankalina, namiji ne, babansa ma sai da ya shekara uku bakinsa ya buɗe. Wata maƙwabciya ta buɗe bakinsa ta duba, ta ce jijiyar ƙarƙashin harshe ce ta riƙe shi, in kai a yanke. To in jira zuwa shekara uku? In kuma zan kai shi asibiti, wane likita zan ce ina nema, me zan ce yana damunsa, yaro yana ci yana wasa lafiya ƙalau?

Hajiya Kaka ta rubuta:

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya raya mana shi. Shida na haifa, kuma babu biyu a cikinsu da suka yi magana lokaci ɗaya. Na huɗun ya haura shekara biyu da rabi yana ta gwaranci, har na fara kwana da shi a rai. Rana ɗaya bakin ya buɗe, yau shi ne mai surutun gidan. Saboda haka ki daina cin kanki.

Abu ɗaya na lura da shi a gidaje masu babbar yaya mai baki: ita take yi wa ƙanen magana. Kafin ya buɗe baki ta ce "Mama ruwa yake so", ke kuma kin miƙa. Yaron da ake biya wa buƙata tun kafin ya nema, me zai sa ya wahalar da bakinsa? Ki ja yarinyar gefe ki ce ta riƙa barinsa ya gwada. Ki ajiye shi kusa da ke in kina aiki, ki yi ta yi masa hira kamar da babba kike.

Harshensa kuwa kada ki bari kowa ya sa masa ƙarfe a baki a kan maganar maƙwabciya. A ganina ki ba shi zuwa shekara uku. Sannu ba ta hana zuwa.

Baban Uku ya rubuta:

Hajiya, da girmanki, a kan maganar jira zan saɓa miki, don ni na jira kuma na ga abin da ya biyo baya.

Maman Auta, da na zo wurin da kika ce yana kallon bakinki, sai da na ajiye wayar. Haka 'yata ta biyu take yi. Mu ma muka ce ai tana jin ƙarar mota, tana jin an buga ƙofa, kunnenta lafiya. Muka zauna har ta kai shekara biyu da wata takwas, kalmominta ba su wuce yatsun hannu ba, ga faɗa da cizo. Malamar da ke kula da su ce ta fara cewa in ta yi magana daga bayan aji yarinyar ba ta motsi. Muka kai ta wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro, ya duba ya ce ruwa ne mai yauƙi ya taru a bayan dodon kunnenta, duka biyun. Babu zafi, babu zazzaɓi, babu abin da ke fitowa, shi ya sa ba mu sani ba. Ya ce in toshe kunnuwana da yatsu, ya yi mini magana a hankali. Na ji murya amma kalmomin sun cakuɗe. Ya ce to haka take jin duniya. Ranar na kasa haɗa ido da ita, ina tuna sau nawa na daka mata tsawa wai tana ji tana ƙin amsawa.

An ba mu wata uku ko ruwan zai janye da kansa. Bai janye ba, aka yi mata ƙaramin aiki aka sa wani ɗan bututu a dodon kunnen don iska ta shiga. Mako biyu bayan haka ta tsaya cak a tsakar ɗaki tana neman inda ƙarar agogon bango ke fitowa. Agogon nan tun kafin a haife ta yake wurin. Yanzu shekararta shida, tana magana tana karatu, amma mun sha aiki kafin ta kamo sa'o'inta.

Ban ce abin da ke damun naki ke nan ba. Na dai ce ki je a duba. In an ce lafiya, kin sayi kwanciyar hankali.

Mai Gwajin Ji ta rubuta:

'Yar'uwa sannu da ƙoƙari. Aikina ke nan, gwada jin yara, kuma irin labarinki ba ya ƙarewa a ɗakinmu. Ba zan iya cewa ga abin da ke damunsa ban gan shi ba, amma zan gaya miki abin da na gani a rubutunki.

Ki fara da abin farin ciki. Yana nuni da yatsa, yana nuna miki jirgi don ki gani tare da shi, yana duban fuskarki, yana wasan kwaikwayo da mataji da takalmi. Waɗannan su ne harsashin magana, kuma su muke fara tambaya. Yaro yakan yi magana da hannu da ido kafin ya yi da baki. Wanda ya fi ɗaga mana hankali shi ne yaron da ba ya nuni, ba ya haɗa ido, ba ya kawo abu ya nuna wa uwarsa, ko wanda ya fara faɗin kalmomi sai suka ɓace. Irin wannan ba a jira da shi ko na mako ɗaya, kuma a nan ne likitan yara yakan duba har da otizim, wato lalurar da ke shafar magana da mu'amalar yaro da mutane, wanda a Amurka ake ba da shawarar a tantance kowane yaro a kansa yana wata 18 da wata 24.

Sai maganar lissafi. A 2022 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta sabunta jadawalin girman yara, ta sa a kowane wata abin da aƙalla yara uku cikin huɗu suke iya yi. A wata 18, yaro yana ƙoƙarin faɗin kalma uku ko fiye banda mama da baba, kuma yana bin umarni ɗaya ba tare da an nuna masa da hannu ba. A wata 24 yana haɗa kalma biyu. A wata 30 yana da kalmomi kusan 50. Masu binciken maganar yara da dama ma tun a wata 24 suke neman 50 ɗin. Naki a wata 22 yana da biyu banda mama da baba, kuma umarni sai kin nuna. Ya isa dalilin zuwa asibiti. Amma ki sake ƙirgawa, don iyaye sukan rage. Duk sautin da yake faɗa da kansa, kullum a kan abu ɗaya, kalma ce ko da bai fito daidai ba. In yana ce wa mota "bum", kalma ce. In yana ce wa akuya "mee", kalma ce. Ta Turanci ma ki sa ta a lissafi.

Maganar namiji akwai ƙamshin gaskiya a ciki, maza sukan ɗan biyo bayan mata, amma tazarar kaɗan ce, ba ta shekara ba. Gaskiya ne kuma cewa yawancin yaran da suka makara sukan kamo, kamar ɗan Hajiya. Matsalar ita ce a wata 22 babu mai iya duban yaro ya ce wannan zai kamo, wancan ba zai kamo ba. Kuma in a dangi akwai wanda ya makara, kamar babansa, wannan dalili ne na ƙara sa ido, don abin yakan bi jini.

Jin kiɗan katun ba shaida ba ce. Kiɗa yana da ƙarfi, kuma ya san shi. Magana kuwa cike take da ƙananan sautuka marasa ƙarfi irin s da f da sh da t, su ne suke fara ɓacewa in kunne ya toshe. Akwai wata siririyar hanya da ta haɗa tsakiyar kunne da bayan hanci, ita ke shigar da iska. A yara gajera ce kuma a kwance take, mura kaɗan ta toshe ta, tsokar bayan hanci in ta kumbura ita ma ta danne bakinta, sai ruwa ya taru. Ruwan yakan zo ya tafi, shi ya sa yau yaro ya amsa kira gobe ya yi shiru. Mura, minshari, ciwon kunne sau biyu: duk ki gaya wa likita. Ki gaya masa kuma in ya taɓa yin shawara mai tsanani yana jariri, ko sanƙarau, ko ƙyanda, ko hangum, don dukkansu suna iya taɓa ji.

Ki nemi likitan yara ko na kunne, ki ce masa: "Wata 22, kalma huɗu, ina son a gwada jinsa." Gwajin babu zafi. Akwai ɗan abin da ake sa wa a bakin kunne ya auna motsin dodon kunne cikin daƙiƙu kaɗan. Akwai wanda za ki riƙe shi a cinya a saki sauti daga gefe, in ya juya sai wata 'yartsana ta haska.

Jijiyar harshe ba ta hana yaro sanin kalmomi ko fahimtar umarni. In ta yi tsanani, a shan nono take fara nuna kanta. Ki bar likita ya duba.

Waya kuma, ba zan ɓoye miki ba, awa uku ta yi yawa. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce kada a zaunar da ɗan ƙasa da shekara biyu gaban allon waya ko talabijin, ɗan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Akwai binciken da Patricia Kuhl da abokan aikinta suka wallafa a 2003 a Jami'ar Washinton. Sun ɗauki jarirai 'yan wata 9 da Turanci kawai ake yi a gidajensu, aka yi musu zama 12 da masu jin Sinanci suna yi musu wasa da karatu. Jariran suka koyi bambance sautukan Sinancin. Wasu jariran aka nuna musu mutanen nan a bidiyo, ba su koyi komai ba. Jariri daga mutumin da ke dubansa yana amsa masa yake ɗaukar harshe. Ban ce waya ce ta jawo ba, amma awannin da ta ci na hira ne.

Malamar Reno ta rubuta:

Ni a kan harshe biyu zan tsaya, don kullum iyaye suna kawo mini shi. Bai jawo jinkirin magana. Yara masu tasowa da harshe biyu suna faɗin kalmar farko da haɗa kalma biyu a lokacin da sauran suke yi, sai dai kalmomin nasu sun rabu gida biyu. In ya gauraya su a jimla ɗaya ba ruɗewa ya yi ba, manya ma haka muke yi.

Kunnen jariri ya fi namu. A 1984 Janet Werker da Richard Tees a Kanada sun nuna cewa jarirai 'yan wata 6 zuwa 8 daga gidajen Turanci suna bambance wasu sautukan harshen Hindi da iyayensu ba sa jin bambancinsu, amma zuwa wata 10 zuwa 12 yawancinsu sun daina. Kunne yana riƙe abin da ake yi masa ne ya saki saura. Shi ya sa ɗanki yake tasowa da jin bambancin kafa da ƙafa, wanda baƙon harshen zai shekara yana fama da shi.

Roƙona ga babansa ɗaya ne. In Turancin da yake yi masa na umarni ne kawai, zo, zauna, bari, to ya ƙara da hira a harshen da ya fi sakin jiki da shi, wanda yake iya wasa da dariya a ciki. Ke kuma ki bi abin da yaron yake kallo. In ya ɗauki cokali ki ce "cokali, ka ɗauki cokali". In ya ce "uwa" ki ce "ruwa, ga ruwa, ruwa mai sanyi". Sannan ki yi shiru ki dube shi, ki ƙirga biyar a zuci. Shirun nan ya fi wuya ga iyaye, kuma a cikinsa yaro yake samun wurin sa baki.

Maman Auta ta rubuta:

Na dawo. Allah ya saka wa kowa da alheri, Hajiya na gode da lallashi, ranar na samu na yi barci.

Na sake ƙirgawa yadda aka ce, na samu takwas. Ashe "bum" da "miyau" da "bai-bai" da "shuu", wato takalmi da Turancin babansa, duk kalmomi ne ina zubar da su. Na nuna wa babansa abin da Baban Uku ya rubuta, ya karanta sau biyu bai ce komai ba, washegari shi ya ɗauke mu zuwa asibiti. Ruwa ne a kunnuwan biyu, na dama ya fi. A gwajin 'yartsanar, sai da aka ɗaga sautin sosai sannan ya juya. Ina riƙe da shi a cinya, ni ina jin sautin tun tuni, shi yana wasa da maɓallin rigata. Nan hawaye suka zubo mini. Likita ya ce harshensa lafiya lau, ya ce mu dawo bayan wata uku a sake gwadawa, in ruwan bai janye ba a san abin yi, zai kuma duba tsokar bayan hancin.

Waya na rage ta zuwa ɗan lokacin da nake yanka yadi, don almakashi. Kwana uku na farko mun sha kuka. Yanzu na shimfiɗa masa tabarma gefen keke, na ba shi ƙyallaye da kwarkwaron zare da babu komai a kai, in zan yi masa magana sai na tsayar da keken na juyo ya ga fuskata. Ɗinkin ya ragu, ba zan ce bai ragu ba. Yayarsa kuma an ba ta aikin nuna masa hotuna a littafi, ta ɗauki abin da gaske.

Shekaranjiya na riƙe hularsa a hannu ban miƙa ba, na ce "hula", na yi shiru ina ƙirgawa. Na kai huɗu ya ce "ula". Tambayata Anti Mai Gwajin Ji, in ya faɗa a karkace haka in gyara masa ya sake, ko in bar shi?

Mai Gwajin Ji ta rubuta:

Masha Allah. Kada ki ce masa ba haka ba ne, kada ki sa shi ya maimaita. Ki ce "eh, hula, ga hularka", ki sa masa a kai. Ki zauna ta gefen hagunsa tunda na daman ya fi toshewa, ki kashe rediyo ko talabijin in kuna hira. Ki samu ƙaramin littafi ki riƙa rubuta kowace sabuwar kalma da ranar da ya faɗe ta, ki tafi da shi ranar komawa. In wani ciwon kunnen ya taso ko kika ga jin ya ƙara raguwa kafin wata ukun, kada ki jira ranar, ki koma.